Tarihin Likita Gideon Mantell, Wanda Ya Cika Gidansa Da Ƙasusuwan Dainoso

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa ƙasar Ingila mu kawo muku labarin wani likita mai suna Gideon Mantell, wanda ya rasu tun cikin shekarar 1852. Shi dai wannan mutum bai taɓa riƙe muƙami a wata jami'a ba, gwamnati kuma ba ta ɗauke shi aikin bincike ba. Da kuɗin aljihunsa ya riƙa sayen ƙasusuwa da haƙora waɗanda suka daɗe a binne har suka rikiɗa suka zama dutse, yana jibgewa a gida har ɗakuna suka cika. Cikin wannan tari nasa ne aka fara gane wasu daga cikin manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru waɗanda suka ƙare tun shekaru miliyoyi da suka wuce, watau waɗanda ake kira dainoso. Amma fa tarin da ya fito da sunansa shi ne ya cinye masa dukiya, ya raba shi da iyalinsa, daga bisani kuma tilas ta sa ya sayar da shi. Tambayar da rayuwarsa ta tayar, watau ko ilimi zai iya dogara ga kayan da ke hannun mutum ɗaya, har yanzu masana ba su gama gardama a kanta ba.

ƊAN MAI ƊINKIN TAKALMA

An haifi Gideon Mantell ran 3 ga watan Fabrairu, 1790, a wani gari da ake kira Lewes, cikin lardin Sussex a kudancin Ingila. Ubansa Thomas mai ɗinkin takalma ne. Da yake uban ba ya bin cocin gwamnati, yaron bai sami shiga makarantar kyauta ta garin ba, sai aka yi ta kai shi ƙananan makarantu, har aka tura shi wurin wani ɗan'uwan ubansa ya yi karatu. Tun yana yaro ya ke yawo cikin ramukan da ake haƙar alli a bayan gari, yana tsintar kwanson dodon-koɗi na teku da ƙayar kifi waɗanda suka zama dutse, yana kawowa gida.

Sa'ad da ya kai shekara 15 aka ba da shi ga wani likitan garin mai suna James Moore domin ya koyi aiki. Ya yi shekara 5 yana haɗa magunguna, yana cire haƙori, yana rubuta lissafin bashi. Bayan rasuwar ubansa cikin 1807, ɗan abin da aka bar masa ya ishe shi zuwa Landan ya ƙaro ilimi, ya sami takardar shaidar Kwalejin Likitocin Fiɗa cikin 1811. Daga nan ya komo gida ya zama abokin aikin maigidansa.

Aikin likitan ƙauye a wancan zamani ba wasa ba ne. Bisa doki ko keken doki ya ke zagaya marasa lafiya, ga shi kuma ya yi suna wajen karɓar haihuwa, har ya kan karɓi 200 zuwa 300 a shekara. Saboda haka sai da dare, bayan kowa ya kwanta, ya ke samun zama da duwatsunsa, yana feƙe su da ƙaramar kurfi a hankali har ƙashin da ke ciki ya fito. Cikin 1816 ya auri Mary Ann Woodhouse. Ita ce ta zana hotunan da ke cikin littafinsa na farko a kan duwatsun lardin, wanda aka buga cikin 1822.

HAƘORAN DA SUKA RIKITA MASANA

Arewa da garin Lewes, kusa da wani ƙauye mai suna Cuckfield, akwai wuraren fasa dutse na gini da na gyaran hanya. Likita Mantell ya saba da leburorin wurin, ya kan ba su ɗan abin hasafi domin duk sa'ad da suka fasa dutse suka ga wani abu mai kama da ƙashi su ajiye masa. Da ba don wannan ciniki ba, da yawancin ƙasusuwan sun bi tsakuwa an malala su a hanya. Ta nan ne ya sami wasu manyan haƙora masu zarto a gefe, waɗanda bakinsu ya side kamar na dabbar da ke tauna ganye. Akwai labarin da ya bazu cewa matarsa ce ta tsinci na farko a bakin hanya, ko da yake masana tarihi na baya sun yi shakkar wannan.

Likita Mantell ya yi imani haƙoran na wani ƙaton ƙadangare ne mai cin tsiro wanda ya rayu a zamani mai nisan gaske. To, amma da ya kai su Landan cikin 1822 ya nuna wa manyan masana, sai suka ce ko dai na kifi ne, ko kuwa na wata dabba mai shayarwa ta kwanan nan. A shekarar da ta biyo abokinsa Charles Lyell ya kai ɗaya daga cikin haƙoran birnin Paris, wurin Georges Cuvier, wanda a lokacin babu kamarsa a Turai wajen sanin ƙirar jikin dabbobi. Shi kuwa ya duba ya ce haƙorin karkanda ne.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da matsala ta farko da ke tattare da kayan da mutum ya saya ya tara. Ƙasa hawa-hawa ta ke, kowane hawa da zamaninsa, na ƙasa ya girmi na bisa. Saboda haka ƙashi ba ya ba da cikakken labari sai an san ainihin hawan da aka ciro shi. Wanda ya sayi ƙashi daga hannun lebura kuwa, ana iya ce masa ai daga tsakuwar sama aka tsinto, kuma da irin wannan zato aka tare Likita Mantell. Sai da ya yi shekaru yana bin ramukan nan, yana duba hawan duwatsu, yana tara burbushin tsirrai da na kunkuru da na kada da ke tare da haƙoran, kafin ya nuna cewa wurin tsohon bakin kogi ne na zamanin da. Yau masana sun ƙiyasta cewa duwatsun nan sun haura shekara miliyan 125.

Cikin 1824 Cuvier ya sake dubawa, ya janye maganarsa ta farko, ya yarda wataƙila wata dabba ce mai jan ciki wadda ba a sani ba. A shekarar nan kuma Likita Mantell ya je gidan ajiyar ƙasusuwa na Kwalejin Likitocin Fiɗa a Landan yana neman abin da zai kwatanta, sai wani saurayi mai suna Samuel Stutchbury ya nuna masa haƙoran iguwana, wani ƙadangaren ƙasashen Amurka masu zafi, mai kama da damo amma mai cin ganye. Ashe ƙirar ɗaya ce, sai dai nasa sun ninka su wajen sau 20. Nan ya sa wa dabbar suna Iguanodon, watau mai haƙorin iguwana. Ran 10 ga watan Fabrairu, 1825, aka karanta takardarsa a gaban babbar ƙungiyar masana ta Ingila, kafin shekarar ta ƙare kuma aka karɓe shi ya zama ɗan ƙungiya. Wannan ita ce dainoso ta biyu da aka raɗa wa suna, domin cikin 1824 William Buckland na Jami'ar Oxford ya riga ya sa wa wata mai cin nama suna Megalosaurus.

Cikin 1832 leburori suka fasa wani dutse da albarushi, ya tarwatse kamar kashi 50. Likita Mantell ya saye su duka, ya zauna yana haɗawa, sai ga wata dabbar dabam mai manyan ƙayoyi kamar sulke. Ya sa mata suna Hylaeosaurus.

GIDA YA ZAMA WURIN KALLO

Da suna ya fito, sai Likita Mantell ya ga garin Lewes ya yi masa kaɗan. Cikin 1833 wani basarake mai arziki, Egremont, ya ba shi gudummawar Fam 1,000, ya kwashe iyali da duwatsu ya koma Brighton, garin shaƙatawa a bakin teku inda sarki da masu hannu da shuni ke zuwa. Nufinsa ya sami marasa lafiya masu biya da kyau. Abin da ya samu kuwa 'yan kallo ne. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa gidansa su ga ƙasusuwa, amma in ciwo ya kama su sai su tafi wurin wani likita, don a ganinsu wanda hankalinsa ke kan duwatsu ba zai kula da majiyyaci ba.

Cikin 1834 aka fasa wani dutse a garin Maidstone, a ramin wani mutum mai suna William Bensted, aka tarar da ƙasusuwa da yawa na dabba guda a haɗe. Ba a taɓa samun irin wannan ba. Amma dutsen na mai rami ne, shi kuwa ya sa masa kuɗi. Sai da abokan Likita Mantell suka yi karo-karo suka biya Fam 25 sa'an nan ƙasusuwan suka zo hannun mutumin da ya fi kowa iya karanta su. Da wani mai kuɗi ya riga su, ya kai ɗakinsa ya rufe, da shi ke nan.

Kuɗi suka yi ta fita, ba sa shigowa. Aka kafa wata ƙungiya a garin ta karɓi gidan ta mai da shi gidan kallo sosai, har iyalinsa suka tashi suka bar wa duwatsu ɗakuna. Cikin 1837 basarake Egremont ya rasu, ginshiƙin da ke riƙe da abin ya faɗi. Cikin 1838, shekarar da ya buga littafinsa na abubuwan al'ajabi na ilimin duwatsu wanda ya sami kasuwa ƙwarai, tilas ya yarda ya sayar wa Gidan Kayan Tarihi na Biritaniya da ke Landan tarinsa na wajen guda 20,000. Fam 5,000 ya nema, aka ba shi Fam 4,000. Aikin da ya yi fiye da shekara 20 yana yi aka loda a kekunan doki aka tafi da shi.

Musibu kuma suka biyo juna. Cikin 1839 matarsa ta bar shi, ɗansa Walter kuma ya yi ƙaura zuwa ƙasar Niyu Zilan. Cikin 1840 'yarsa Hannah, wadda ya fi shaƙuwa da ita, ta rasu. Cikin 1841, yana zaune a unguwar Clapham ta Landan inda ya sake buɗe aikin likita, ya yi haɗari da keken doki, ƙashin bayansa ya taɓu. Tun daga nan bai sake rabuwa da ciwo ba.

RICHARD OWEN YA SHIGO

Ana nan sai wani masani mai tasowa, Richard Owen, ya karɓi aikin rubuta rahoto a kan dukan dabbobi masu jan ciki na zamanin da waɗanda aka tono a Ingila. Shi Owen gwani ne na gaske wajen sanin ƙashi, ga shi kuma da muƙami da manya a bayansa. Yawancin abin da ya ke bukata yana gidajen mutane, saboda haka ya yi ta bi yana neman iznin dubawa. Kayan Likita Mantell kuwa sun riga sun koma gidan gwamnati, kowane masani na iya zuwa ya gani.

Abin da ya buɗe wa Owen ido a gidan wani attajirin giya na Landan ya same shi, mai suna William Saull, wanda ke da nasa tarin, ya kan kuma buɗe wa jama'a kyauta. A can Owen ya ga ƙashin ƙugun Iguanodon, ya lura gaɓoɓi 5 na ƙashin baya sun manne sun zama ɗaya, daidai da yadda ya ke a jikin Megalosaurus. Ƙadangaru na yau ba su da wannan ƙira. Daga nan ya gane dabbobin nan zuriya ce mai zaman kanta, masu tsayawa bisa ƙafafu a miƙe ƙarƙashin jiki. Cikin 1842 ya raɗa musu sunan da ya zama dainoso, daga kalmomin Girkanci masu nufin ƙadangare mai ban tsoro saboda girma.

Iri 3 ya tara ƙarƙashin wannan suna, 2 daga ciki kuwa Likita Mantell ne ya gano su. Amma a cikin rahoton Owen ya fi ba da ƙarfi ga kurakuran likitan, duniya kuma ta riƙe sunan wanda ya raɗa suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai gaskiya ita ce Owen ya gyara wani kuskure na ainihi. Likita Mantell ya auna tsawon dabbar bisa kwatancin iguwana ya ce za ta kai ƙafa 60 ko fiye, shi kuwa Owen ya rage zuwa ƙafa 28, wanda ya fi kusa da gaskiya.

Duk da ciwo, likitan bai ajiye aiki ba. Ya koma unguwar Pimlico cikin 1844, ya fara sabon tari. Cikin 1848 wani hafsan soja mai suna Brickenden, mai rami a Cuckfield, ya ba shi muƙamuƙin Iguanodon da haƙora a jiki, abin da ya daɗe yana nema. Cikin 1849 babbar ƙungiyar masana ta ba shi lambarta ta girma ko da yake Owen ya yi ƙoƙarin hanawa. Cikin 1850 ya raɗa wa wata ƙatuwar dainoso suna Pelorosaurus. Har ila yau shi ne ya lura ƙafafun gaba na Iguanodon sun fi na baya ƙanƙanta da siranta, alhali Owen yana ganinta kamar karkanda mai ƙafa huɗu masu kauri.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Cikin 1852 gwamnati ta yanka masa fensho na Fam 100 a shekara, amma bai daɗe yana ci ba. Ya saba shan maganin kashe zafi da ake yi da ofiyom, ran 10 ga watan Nuwamba na shekarar ya sha fiye da kima, ya rasu yana da shekara 62. Aka binne shi a maƙabartar Norwood. Likitoci suka yanke wani sashe na ƙashin bayansa da ya karkace suka ajiye a Kwalejin Likitocin Fiɗa, inda Owen ke aiki. Wata jarida kuma ta buga ta'aziyya marar sa hannu wadda ta rage masa daraja, mutane da yawa suka ɗora alhakinta a kan Owen.

Tarinsa na biyu ya rabu. Gidan Kayan Tarihi ya sayi wani kashi, sauran kuwa suka bi gado zuwa wurin ɗansa Walter. Dalili ke nan da ya sa ɗaya daga cikin haƙoran farko na Iguanodon ya ke birnin Wellington na Niyu Zilan, a ɗaya gefen duniya daga inda aka haƙo shi.

Cikin 1854 aka buɗe gumakan dainoso na siminti a filin Crystal Palace a Landan, bisa shawarar Owen, Iguanodon tana tsaye da ƙafa huɗu da ƙaho a hanci. Ƙahon nan kuskuren Likita Mantell ne tun farko. Cikin 1878 masu haƙar kwal a Bernissart ta ƙasar Beljiyam suka tarar da ƙwarangwal wajen 30, da yawa cikakku, aka ajiye su a gidan gwamnati a Brussels. Da Louis Dollo ya bincika su, sai ya tabbata abin da aka zaci ƙaho ne ashe babban yatsan hannu ne mai tsini, ƙafafun gaba kuma sun fi na baya ƙanƙanta, kamar yadda likitan ya faɗa. Zuriyar dabbar nan ta kai har Afirka ta Yamma, domin cikin 1976 Bafaranshe Philippe Taquet ya raɗa wa wata 'yar'uwarta da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Jamhuriyar Nijar, suna Ouranosaurus.

Sayarwar nan da ta ƙona wa Likita Mantell rai ita ce ta tsare aikinsa. Kayansa suna Gidan Tarihin Halittu na Landan wanda aka buɗe cikin 1881, masana kuma sun yi ta komawa kansu da sababbin tambayoyi. Sun gano cewa ƙasusuwan da aka daɗe ana kira Iguanodon na dabbobi iri-iri ne, cikin 2007 kuma aka raɗa wa ɗaya suna Mantellisaurus don tunawa da shi. Irin wannan gyara ba ya yiwuwa sai abin da na farko ya duba yana nan inda na baya zai iya zuwa ya sake aunawa.

A kan wannan ne gardamar zamaninmu ta tsaya. Kuɗin ƙasusuwan dainoso ya wuce Fam 25 na Maidstone nesa ba kusa ba. Cikin 1997 aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wata mai cin nama da ake wa laƙabi da Sue a kan fiye da Dala miliyan 8, wani gidan tarihi na birnin Chicago ya saya. Cikin 2020 aka sayar da wani mai laƙabin Stan Dala miliyan 31.8, cikin 2024 kuma wani attajirin Amurka ya sayi wani mai suna Apex Dala miliyan 44.6, ya ba da aronsa ga gidan tarihin halittu na New York. Ƙungiyar masana ƙasusuwan da, mai cibiya a Amurka, tana kan ra'ayin cewa kada a gina bincike a kan abin da ba a ajiye shi dindindin a gidan amanar jama'a ba, domin mai kaya yana iya sayarwa, ko ya rufe ƙofa, ko magada su raba. Masu tara kayan kuwa suna cewa in ba don su ba, ruwa da iska da injin fasa dutse za su cinye ƙasusuwa da yawa kafin wani masani ya iso.

Kowane ɓangare zai sami hujja a tarihin Likita Mantell. Aljihunsa ne ya ceci haƙoran Cuckfield daga zama tsakuwar hanya, aljihun nan kuma da ya ƙare, ba don gidan gwamnati ya saya ba, da tarin ya watse a kasuwa. Mutanen Maidstone dai ba su manta ba, domin tun 1949 hoton Iguanodon ya ke jikin tambarin garinsu.